Yadda na koma hedifon mai buɗaɗɗen baya ba tare da na fasa asusu ba

Aikina na zaman kunne ne. Ina gyaran sautin shirye-shiryen rediyo da karatuttukan da ake ɗauka a masallatai da wuraren taro, wani lokacin kuma a kawo mini hirar da aka yi da wani dattijo a ƙauye a ce in rubuta ta kalma bayan kalma. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san kunne ke fara gajiya kafin ido, sai ƙeya da tsakar ka su biyo baya. Hedifon ɗin da na daɗe da shi irin na kowa ne, baƙi, mai rufaffen baya, sosonsa lulluɓe da fatar roba mai sheƙi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, in na cire shi bayan la'asar sai in tarar gumi ya kwanta a bayan kunnuwana, fatar robar kuma ta fara ɓarewa tana manne mini a saje. Gumin nan ne ya tashe ni neman wani. Maganar daɗin sauti daga baya ta shigo.

Wani abokin aikina da ya girme ni a harkar haɗa sauti, wanda duk muke ce wa Yaya, shi ya fara karkato da ni. Na je situdiyonsa ina ƙorafi, ya ce, “Kai da a ɗaki kake aiki, me ya haɗa ka da mai rufaffen baya? Ungo wannan, ɗaga shi wajen fitila ka gani.” Na ɗaga. Bayan kowane kunne raga ce ta ƙarfe, ana hango lasifikar da ke ciki, haske ma yana ratsawa. Na ce, “To Yaya, ai sautin zubewa zai yi.” Ya ce zubewar ake so.

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na tabbatar da shi da kunnena, mai sauƙi ne. A cikin kowane hedifon akwai wani siririn faifai da maganaɗisu ke kaɗawa gaba da baya. Duk kaɗawar da ya yi yana fitar da sauti ta fuska biyu, ɗaya zuwa kunnenka, ɗaya zuwa baya. In bayan a rufe yake, sautin baya ba shi da hanyar fita, sai ya bugi murfin ya dawo ya gauraya da na gaba. Ka tuna yadda muryarka ke komawa in ka leƙa cikin randa ka yi magana: tana ƙara kauri, amma kalmomin suna cakuɗewa. Kamfanonin da ke yin masu rufaffen baya na tsada suna kashe kuɗi sosai wajen kashe wannan amon da auduga da soso da siffar murfi. Masu araha kuwa yawanci haka ake barin su. Shi mai buɗaɗɗen baya ya huta da matsalar tun daga tushe, shi ya sa da kuɗi kaɗan ake iya samun wanda muryar mutum ke fita a cikinsa fes. Dabarar ba ta yau ba ce. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fito da ita a 1968 da samfurin HD 414 mai rawayan soso, kuma HD 600 da suka fitar a 1997 har yau ana ƙera shi, har yau masu haɗa sauti suna auna wasu da shi.

Sai dai HD 600 ba sa'an aljihuna ba ne, musamman yadda dala ta yi wa naira nisa. Na ɗaura wa kaina iyaka: kada abin ya wuce dala 100, in kuma ya zama dole, kada ya wuce 200. A wannan tsakanin sunaye kaɗan ne ke ta maimaituwa a bakin masu harkar. Akwai Samson SR850, mafi araha a cikinsu, wanda bayansa rabi a buɗe yake, siffarsa kuma ta ɗauko ta tsohon AKG K240 da aka fara yi a Ostiriya tun shekarun 1970. Akwai Philips SHP9500, da ba ya kai dala 100. A sama da su akwai Sennheiser HD 560S da ya fito a 2020 a kan kusan dala 200, da Beyerdynamic DT 990 Pro da ake yawan gani a situdiyo, sai Hifiman HE400se na Sin, wanda lasifikarsa ma wata iri ce daban, shimfiɗaɗɗen faifai ne mai zanen waya a jikinsa da ke aiki kusa da jerin maganaɗisu.

Kafin in sa ko ɗaya a kai sai da na koyi karanta lambobi biyu da ake rubutawa a kwali, domin su ke faɗa maka ko abin zai yi aiki da na'urar da kake da ita. Ta farko ita ce om, wato yawan turjiyar da hedifon ke yi wa lantarkin da ke shigarsa. SR850 da SHP9500 duk 32 ne, HD 560S 120, DT 990 Pro da aka fi sani 250, HD 600 kuwa 300. Yawan om na nufin yana son ƙarin ƙarfin turi, abin da wayar hannu ba ta cika iyawa ba. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da yake bayarwa da ɗan lantarki kaɗan, ana rubuta ta da desibel. Nan ne mutane ke ruɗewa. HE400se om ɗinsa kaɗan ne, amma desibel ɗinsa 91, saboda haka ya fi SHP9500 mai 101 cin wuta nesa ba kusa ba. Duba om kaɗai bai isa ba. Lamba ta uku da masu talla ke rubutawa da manyan baƙaƙe, wai yana kaiwa daga hez (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) kaza zuwa dubu talatin da wani abu, ita ce mafi rashin amfani. Kunnen ɗan Adam a mafi kyawunsa daga hez 20 zuwa 20,000 yake ji, mu da muka haura shekara talatin da wuya mu kai can ma. Abin tambaya shi ne yadda hedifon ke rarraba ƙarfi a cikin wannan zangon, kuma kwali ba ya faɗa.

Matsalar garinmu ita ce babu shagon da za ka shiga ka zauna ka gwada irin waɗannan. Kasuwar waya cike take da na bulutut da na cusawa a kunne, in ka ce mai buɗaɗɗen baya sai mai shago ya ɗauka fasasshe kake nema. Don haka aro na bi. Yaya yana da SR850 da HD 560S, wani ɗalibinsa mai wasan kwamfuta yana da SHP9500, DT 990 Pro kuma na same shi a wani gidan rediyo da nake kai wa aiki. Hifiman ban same shi a hannu ba, nauyinsa na kusan giram 390 da buƙatar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, suka sa na cire shi daga lissafi.

Yaya ya gindaya mini sharaɗi biyu na gwaji, kuma duk biyun sun yi mini rana. Na farko, in zo da sautin da na sani ciki da bai, kada in gwada da abin da ban taɓa ji ba. Na biyu, in daidaita ƙarar kowanne kafin in yanke hukunci, domin kunne yana da son zuciya, duk wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne sai ya ce shi ya fi daɗi. In ka cire mai om 32 ka sa mai 120 ba ka taɓa maɓallin ƙara ba, na biyun zai yi kamar ba shi da rai, alhali wuta ce ba ta ishe shi ba. Abin da na ɗauka a filashi uku ne: karatun wani malami da aka ɗauka a masallaci mai amsa-kuwwa, hirar wata tsohuwa da aka yi a tsakar gida kaji suna kuka a gefe, da wani kiɗan kalangu da goge da ni da kaina na ɗauka a wurin biki.

Hirar tsohuwar ce ta fi nuna mini bambanci. Haƙoranta sun zube, muryarta a ƙasa take, kuma akwai wuraren da a tsohon hedifon ɗina nake maimaitawa har in gaji ban rabe ko “d” ta furta ko “ɗ” ba, ko wasalin ta ja shi ko ta gajarta. A rubutun hira wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da na sa masu buɗaɗɗen bayan, dukansu ba tare da togiya ba, sai kaurin da ke lulluɓe muryar ya janye, na ji ɗan tsayawar maƙoshi kafin baƙin ya fito. Ba wani siddabaru ba ne. Abin da ke sa a gane magana yana tsakanin hez 1,000 zuwa 4,000, kuma in amon ƙasa ya kumbura sai ya danne wannan yankin. Masu rufaffen baya na araha da gangan ake kumbura musu amon ƙasa don mai saye ya ji dum-dum a minti na farko ya biya. Karatun masallacin kuwa sai ya bayyana mini aibinsa: na ji amsa-kuwwar bango a rarrabe da muryar malam, na ji ƙugin fanka da ban san ya shiga ba. Ga mai gyaran sauti, hedifon da ke tona asirin abin da aka ɗauka shi ne na kirki.

Tsakaninsu kuma kowa da halinsa. DT 990 Pro an gina shi da ƙarfi a ƙasa da ƙarfi a can sama, masu neman ƙananan kurakurai a kiɗa suna son haka, amma Hausa cike take da “s” da “sh” da “ts”, waɗanda ke zaune wajen hez 5,000 zuwa 8,000, kuma ni wuni nake ina sauraron magana, don haka ba shi aikina ke nema ba. SR850 ya ba ni mamaki a kan kuɗinsa, shi ma mai haske ne a sama, igiyarsa kuma a manne take ba a cirewa. HD 560S shi ya fi su gaskiya a kunnena, ba ya ƙara wa komai gishiri, amon ƙasansa ma ya fi na sauran sauka. Da sauti kaɗai ake zaɓe, da shi zan ɗauka.

Amma Yaya ya ce kada in cire kowanne sai na yi aikin yini da shi, kuma a nan lissafin ya juye. Kaina babba ne, ina kuma sa tabarau. HD 560S ba shi da nauyi, wajen giram 240 ne, sosonsa mai laushi irin na karan-miski, kuma an yi shi ya kama kai da kyau don kada ya motsa. Ga mai matsakaicin kai wannan alheri ne. Ni kuwa kamun yana tura ƙafar tabarau cikin naman bayan kunnena, kafin azahar na fara jin wurin. An ce yana sassautawa in an daɗe da shi, wasu ma kan ɗora shi a kan jerin littattafai ya kwana don ya buɗe, amma kayan aro ba a yi masa haka. SHP9500 ya fi shi nauyi a sikeli, ya ɗan haura giram 300, sai dai a kai ya fi sauƙi, domin kusan ɗora shi kawai ake yi, ba ya matsewa. Kunnuwansa manya ne, suna zagaye kunne gaba ɗaya, sosonsa kuma yadi ne mai huda-huda da iska ke ratsawa. Na yi aiki da shi daga hantsi har la'asar sakaliya, na cire, na shafa bayan kunnena na ji shi a bushe. A nan na gane nauyin da ke rubuce a kwali bai kai matsi muhimmanci ba, kuma matsi ba ya rubutuwa, sai an sa.

Wani abu da masu sharhin ƙasashen waje ba za su taɓa faɗa maka ba shi ne hula. In kana aiki da hula a kai, bakan hedifon zai zauna a kanta ne, ya ɗaga, kunnuwan su kasa sauka inda ya kamata sai ka zare ƙarfen har ƙarshe. A SHP9500 ƙarfen yana da lambobi a jiki, saboda haka na riƙe lamba ɗaya ta lokacin da nake da hula, wata ta lokacin da kaina ke sake. Doguwar hula mai tauri kam sai haƙuri, cire ta ake yi. Wata abokiyar aikinmu da ta gwada a kan hijabi ta ce sautin sama yana dusashewa, kuma haka ne, yadi ko siriri ne yana cin sautin sama kafin na ƙasa.

Na tsaya a kan SHP9500, rabin kuɗin HD 560S bai ma kai ba. Sayen shi kansa ɗan aiki ne. Ban yarda in tura kuɗi ga wanda ban sani ba a intanet, don kayan sauti na jabu sun yi yawa, kwali ɗaya, rubutu ɗaya, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Wani ɗan'uwa da ke dawowa daga Ingila na roƙa ya saya a babban shago ya riƙo mini da rasit. Da ya iso na kai wurin ɗalibin nan muka jera da nasa, muka duba ɗinkin soso, da manyan haruffan L da R da ke jikin ragar, da lambobin ƙarfen, muka saurari abu ɗaya a duka biyun. Sannan na kunna sautin gwaji da ke tashi daga ƙasa zuwa sama a hankali, ina sauraron ko wani gefe zai fi wani ƙara ko wani abu zai yi kaɗa-kaɗa a ciki. Babu. Wannan gwajin ya kamata kowa ya yi tun ranar farko, lokacin da mayarwa ke yiwuwa.

Kwanakin farko a gida sai da zuciyata ta ɗan yi rawa. A wurin aiki komai daidai, amma da dare in na kunna kiɗan zamani don nishaɗi sai in ji kamar an zare masa ƙasa. Dukan da na saba ji a ƙirji babu shi. Dalilin yana cikin ginin kansa. Sautin gaba da na baya kishiyoyin juna ne, lokacin da faifan ke tura iska a gaba yana janye ta a baya. Sautin ƙasa kuma dogon zango gare shi, na hez 50 ya kusa mita 7, saboda haka cikin sauƙi yake zagayowa ya soke wani ɓangare na kansa in babu murfin da zai raba su. Duk mai buɗaɗɗen baya na araha yana da wannan ragi a can ƙasa, wani ya fi wani. Masu sayarwa kan ce ka bar shi yana kiɗa dare da rana na wani lokaci wai lasifikar za ta nuna. Ni ban yi ba, kuma aune-aunen da aka yi a kan haka ba su nuna wani canjin a zo a gani ba. Abin da ke nuna shi ne kunnen mai sauraro. Bayan ɗan lokaci na koma na sa tsohon nawa, sai na ji shi a toshe, na yi mamakin yadda na yi shekaru a ciki.

Inda ya biya ni kuɗina har da riba shi ne kiɗan gargajiya. Kalangu ba dukan ƙirji gare shi ba, magana yake yi, makaɗi yana matse tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka. A wannan hedifon ina bin hawa da saukar nan ɗaya bayan ɗaya, har ƙarar bugun sanda a kan fata kafin amon ya biyo. Goge kuma ana jin gogar izgar a kan izga, wannan ɗan kaushin da ke sa shi kama da muryar mutum. Abin da ya fi burge ni shi ne faɗin wurin. Rikodin na biki ne, da makirufo biyu na ɗauka, kuma a nan na ji mai kalangu a hagu, mai goge a dama kaɗan, guɗar mata daga can baya, maroƙi yana yawo tsakaninsu. A mai rufaffen baya duk a tsakiyar kwanyata suke cunkushe. Kada dai a zuzuta abin, ba zai kai lasifika biyu a ɗaki ba, amma sautin yana fita daga cikin kai ya ɗan tsaya a gefe, kuma hakan na rage gajiya ƙwarai. Lasifikun nasa masu faɗin milimita 50 ne, an ɗan karkata su suna fuskantar kunne daga gaba, wannan ma yana taimakawa.

Zubewar da Yaya ya ce ana so tana da kuɗin da ake biya, kuma iyali ke fara karɓa. Wani dare ina gyaran karatu, uwargida ta ɗago daga inda take kwance ta ce, “Malam, wannan ayar sau nawa za a maimaita ta? Ni har na haddace.” Ban san tana ji ba. Duk abin da kake saurare, wanda ke ɗakin yana jin sa sarai, ba raɗa-raɗa ba. Aikin da ya shafi sirrin mutane, irin hirar da aka ce kada a bayyana mai maganar, ba a yin sa da wannan hedifon in akwai kowa kusa. Haka in za ka ɗauki murya. Na gwada karanta sanarwa a gaban makirufo ina jin kiɗan share fage a kunne, da na saurari abin da aka ɗauka sai ga kiɗan ya shiga ta ragar ya zauna a bayan muryata. Saboda haka a ɗakin ɗaukar murya mai rufaffen baya ne sarki, buɗaɗɗe na teburin gyara ne.

Hanyar da sauti ke fita kuwa ta nan na waje ke shigowa. Wani ɓangaren alheri ne: ina jin sallama a ƙofa, ina jin kiran salla, yaro in ya yi kuka ba sai an taɓo ni ba. Amma in an ɗauke wuta maƙwabta suka tada janareta, ko fankar sama tana kan lamba ta ƙarshe, ko masu adaidaita sahu suna ta oda a bakin layi, duk a kunnenka za su sauka, kuma amon ƙasan da dama bai da yawa shi ke fara ɓacewa. Hannu kuma da kansa yake kai wa maɓallin ƙara. Nan haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90 awa 4 kacal ke gare shi a makon. Mai buɗaɗɗen baya ba ya gajiyar da kunne da wuri, don haka ba ya yi maka gargaɗi, kana iya wuce iyaka kana jin daɗi. Dokar da na sa wa kaina ita ce in daidaita ƙara lokacin da gari ya yi tsit, in sa alama, in hayaniya ta taso kuma ba na wuce alamar. Ko in jira, ko in ɗauko mai rufaffen baya. Aikin da ke son natsuwa na mayar da shi bayan asuba da bayan isha'i.

Batun amfilifaya, wanda na ɗauka zai ci mini kuɗi, bai ci ko sisi ba. Kwamfutata tana tuƙa shi ba ta kai rabin ƙara ba. Wayata irin ta yanzu ce da ba ta da ramin hedifon, salon da ya yaɗu tun da Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016, don haka na sayi ɗan guntun mahaɗin nan da ake sawa a ramin caji. Ya wadatar. Abin lura kawai, in kwamfuta tana jone da caji a kan wutar janareta wani lokaci akan ji ɗan zuuu a ƙasa-ƙasa, da na zare cajin sai ya ɗauke. Wanda ya ɗauki mai om 250 ko 300 shi ne zai yi maganar amfilifaya, kuma ya sa kuɗinta cikin lissafi tun farko, don wani arahar a kwali take.

Daga baya na ɗan taɓa ikwalaiza, wato manhajar ɗaga ko rage wani yanki na sauti. Masu bincike a kamfanin Harman, ƙarƙashin Sean Olive, sun yi shekaru suna gwada mutane don gano irin rabon sautin da akasarin masu sauraro suka fi so a hedifon, kuma akwai wani aiki na kyauta mai suna AutoEq da ya tara aune-aunen ɗaruruwan samfura yana ba da gyaran da zai kusantar da kowanne ga wancan ma'aunin. A kwamfuta mai Windows ana sa shi ta Equalizer APO, a wayar Android ta Wavelet. Na gwada cikakken gyaran na ji ya yi mini yawa, sai na ɗauki rabi: na ɗaga ƙasa da hez 100 kaɗan, na rage wajen 6,000 kaɗan saboda “s” da “ts” ɗin nan. In za ka ɗaga wani yanki, ka fara rage ƙarar gaba ɗaya da gwargwadon abin da ka ɗaga, in ba haka ba sautin zai fashe. Ƙarin na ƙasa don nishaɗi ne kawai. In zan gyara aikin mutane kashe shi nake yi, domin yawancin masu sauraron shirye-shiryenmu a ƙaramar rediyo ko lasifikar waya suke ji, kuma kafin in miƙa kowane aiki sai na saurare shi a irin waɗannan.

Hunturu ya zo da nasa darasin. Ragar da ke barin iska ta wuce tana barin ƙura ma, kuma ƙurar Disamba da Janairu ba ta neman izini. In gashi ko ɗan tsakuwa ya faɗa kan faifan sai ka ji yana kaɗawa duk lokacin da amon ƙasa ya zo. Ba na barin sa a kan tebur, cikin jakar yadi yake kwana, ragar kuma da busasshen burushi mai laushi nake share ta, fuskarta na kallon ƙasa don kada in tura ƙurar ciki. Ba a hura masa iska da ƙarfi, faifan siriri ne yana iya lotsawa. Soson yadi yana shan man kai da gumi, ina goge shi da ɗan tsumma mai danshi in bar shi ya sha iska a inuwa. Igiyarsa ana cire ta, bakinta kuma irin na kowa ne mai milimita 3.5, saboda haka ranar da ƙaramin ɗana ya ja ta ta tsinke, a bakin titi na sayi wata aka ci gaba da aiki. Sassaucin da na so shi dominsa kuwa yana nufin in na sunkuya ɗaukar biro yakan zame gaba, na saba dafe shi da hannu ɗaya.

Tsohon mai rufaffen bayan ban yar da shi ba. Na saya masa sabon soso na yadi, yana cikin jakar tafiya, da shi nake shiga mota da wurin taro da ɗakin ɗaukar murya. Kuɗin da na ware tun farko don amfilifaya kuma kafinta na kira da su, ya toshe ramukan tagar ɗakin aikina da ke kallon layi, ya sa roba a ƙasan ƙofa, ragowar na sayi labule mai kauri ninki biyu. Janaretan maƙwabta har yanzu ana jin sa, amma ya ja baya sosai, alamar da na sa a maɓallin ƙara ma na sauke ta ƙasa da inda take a da.